Sikelin Bappa

Shekara talatin Bappa Gidado yana auna auduga a Bisije.
Yakan ce sikeli ba ya ƙarya, sai dai mai riƙe da shi.
Kafaɗarsa ta san nauyin buhu kafin allura ta tsaya.
Sai ya dubi manomin Kumo, ya ce,
"Ka yayyafa mata ruwa da asuba, ko?"
Manomi ya sosa ƙeya, a rage kilo biyu, a yi musafaha.

Yanzu injin gurza ya yi gum.
Tantabaru sun gaje rufin,
tsatsa na cin haƙoran ƙarfe, ba mai ce mata kul.
Abin da Bappa ya tsira da shi biyu ne:
tarin da auduga ta bar masa a ƙirji,
da dutsen awo na tagulla, mai kilo ɗaya.

Ni da ya biya wa makaranta da wannan tari,
na karanta ilmin tsirrai shekara biyar, har da ta yajin aiki.
Takardar na cikin leda, ƙarƙashin katifa,
ta fi ni samun barci.

Kullum ina Tashan Dukku, a inuwar lema ruwan ɗorawa,
da tebur mai ƙafa uku da rabi,
da 'yar na'urar da ba ta cika tafin hannu ba.
Sana'ata? Ina sayar wa mutane kuɗinsu.
Ɗari a kan dubu biyar.

Adda Dija mai kindirmo ta sauke ƙwarya.
Na ce, "An cire a can, bai sauka a nan ba."
Ta ce, "To yana ina?"
Na ɗaga na'ura sama ina laluben sabis
kamar mai roƙon ruwa a tsakiyar bazara.
Kuɗinta na rataye tsakanin Legas da Gombe,
kindirmonta na tsami a rana.

Ummati ƙanwata ba ta da shago,
amma jiya ta sayar da atamfa turmi tara a waya
tana kishingiɗe tana shayar da jariri.
Jalo kuwa dare ne ranarsa:
yana yi wa waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba aiki a kwamfuta,
su biya da dala, ya canza, ya sayi fetur,
janareta ta shanye rabi kafin kiran assalatu.
Babur ɗina na jingine a zaure tun watan azumi.
Kaza ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashinsa.

Ran Laraba wani ya zo,
shadda na ƙyalli, turare ya riga shi isowa.
Ya juyo mini waya: "Ga shi na tura, dubu arba'in."
Na gani da idona. Na ƙirga masa.
Har ya bar mini na ruwan sanyi.
Magariba ta yi, ba abin da ya shigo.
Har yau.

Da dare na faɗa wa Bappa.
Ya yi tari mai tsawo, ya huta, ya ce,
"An jiƙa maka auduga, yaro."
Na ce, "Bappa, wannan ba ta da nauyi, ba ta da ƙura,
lambobi ne kawai ke tashi su sauka."
Ya ce, "Mutumin fa? Shi ma ba shi da nauyi?
Ni ba buhu nake fara dubawa ba."

Da safe ya miƙo mini dutsen nan, naɗe a tsohuwar hula.
Na rasa abin da zan auna da shi,
sai na danne takardun rasit, kada iska ta kwashe.

Amma yanzu in mutum ya tsaya ya ce ya tura,
kafin idona ya sauka kan gilashi
sai in ji hannuna ya kai kan tagullar, da sanyinta,
in ɗaga kai,
in dube shi.